Yadda Ake Gano Matsalar Kibod Daga Cikin Kanel

Kibod, wato allon madannan kwamfuta, ba ya aika harafi. Idan aka danna madannin da ke ɗauke da A, abin da yake fita daga cikinsa lamba ce mai nuna gurbin da madannin yake zaune, kuma sai lambar ta ratsa hannaye huɗu ko biyar kafin harafi ya bayyana a fuskar kwamfuta. Babba a cikin hannayen nan shi ne kanel, tsakiyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows, macOS da Linux. Kanel ne yake hulɗa da na'urori kai tsaye, sauran manhajoji ta wurinsa suke bi. Don haka idan harafi ya ƙi fitowa, ko ya fito sau biyu, ko ya yi ta zuba babu tsayawa, aikin mai bincike shi ne ya gano a hannun wa saƙon ya fara canzawa. Linux ya fi sauƙin kafa misali da shi, domin a buɗe rubutun manhajarsa yake, kowa na iya karanta abin da direban kibod, wato ɓangaren kanel da ke magana da kibod, yake yi layi bayan layi.

Abin da ke ƙarƙashin madannai

Kibod na yau da kullum yana da madannai sama da 100, amma ba a ja wa kowanne wayarsa ba. An shimfiɗa layukan lantarki a tsaye da a kwance kamar zaren saƙa, kowane madanni yana zaune a inda layi biyu suka gitta juna. Wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da ke cikin kibod ɗin tana sa wuta a layukan ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa a cikin daƙiƙa, tana duba inda wutar ta ɓullo. Inda ta ɓullo, nan aka danna.

Wannan tsari yana bayyana matsaloli da dama tun kafin a je ga kanel. Idan madannai biyar ko shida suka mutu a tare, alhali ba sa kusa da juna a ido, yawanci layi ɗaya suke kai, kuma layin ne ya yanke. Shayi ko ruwan da ya zube yakan ci layukan da aka buga a jikin siririyar ledar da ke ƙasan madannai, ko kuma faifan wayar da ke haɗa kibod ɗin laftof da madabod ya saki daga mazauninsa. Akwai kuma matsalar da tsarin da kansa yake haifarwa: idan aka danna madannai uku da ke kusurwa uku na murabba'i ɗaya, wuta takan zagaya ta ɓullo a kusurwa ta huɗu, sai ya zama kamar an danna madannin da babu wanda ya taɓa. Kibod mai araha yana kauce wa hakan ta hanyar ƙin sanar da madanni na uku. Mai tsada kuwa yana da dayod a ƙarƙashin kowane madanni, wanda ke hana wuta komawa baya.

Sai maganar rawar ƙarfe. Ƙarafa biyu da suka haɗu ba sa zama nan take, sukan taɓa su saki sau da dama cikin 'yan kaso kaɗan cikin dubu na daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar kibod takan jira kimanin kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ta yarda an danna. Idan madanni ya tsufa, ko ƙura ta shiga tsakanin ƙarafan, rawar takan wuce lokacin jiran, sai danna ɗaya ya zama biyu. Wanda ya taɓa buɗe kibod bayan hunturu a Kano ko Damagaram ya san yawan ƙurar da ke taruwa a ciki. Kamfanin Apple ma ya sha fama da wannan: sirirun madannan da ya sa wa laftof ɗinsa daga 2015 zuwa 2019 sun yi suna wajen maimaita harafi ko ƙin fitar da shi idan ɗan datti ya shiga, har a 2018 ya buɗe shirin gyara su kyauta.

Tsohuwar hanya da ta ƙi mutuwa

Manyan hanyoyin da lamba take bi zuwa kanel biyu ne, kuma tsohuwar ta fi ba da wahala. A 1984 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar PC/AT, ya sa mata ƙwaƙwalwa mai suna Intel 8042 a kan madabod don karɓar saƙon kibod. A 1987 jerin kwamfutocin PS/2 suka kawo ɗan zagayayyen soket mai ƙafa shida, suka bar wa hanyar sunansu. Yau da wuya a ga soket ɗin, amma a cikin yawancin laftof kibod ɗin jiki yana magana da wannan tsohon harshe har gobe. Ƙwaƙwalwar da ke kula da batir da fanka ita ce take kwaikwayon 8042, kuma kowane kamfani da irin kwaikwayonsa. Daga nan yawancin rikicin yake tasowa.

Idan lamba ta iso, 8042 yana ɗaga siginar katsewa mai lamba 1, wato yana cewa babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta dakata da abin da take yi ta karɓi saƙo. Kanel sai ya karanta lambar a mashiga ta 60, ya duba halin da ake ciki a mashiga ta 64. Duk waɗannan lambobi da ƙidayar goma sha shida ake rubuta su, wadda ke haɗa alƙaluma da haruffan A zuwa F. A mashiga ta 64 akwai alamar da ke nuna saƙo ya lalace a hanya, da wata mai nuna kibod ya yi jinkirin amsawa. Yawaitar waɗannan alamomi shaida ce mai ƙarfi cewa matsalar ta waya ce ko ta wuta.

Kowane madanni yana da ɗanyar lamba biyu, ta dannawa da ta saki. A tsarin lambobin kwamfutar IBM ta 1981, danna A shi ne 1E, sakinsa 9E, wato an ƙara 80. Kibod ɗin 1984 ya zo da sabon tsari inda danna A ya zama 1C, sakinsa F0 sannan 1C. Don kada tsofaffin manhajoji su rikice, aka sa 8042 ya riƙa juya sabon tsarin zuwa tsohon kafin ya miƙa wa kanel, kuma ana yin wannan juyi har yanzu. Ya bar baya da ƙura. Lambar AA, alal misali, ita ce kibod yake aikawa idan ya gama duba lafiyar kansa bayan an ba shi wuta, kuma ita ce dai lambar sakin madannin Shift na hagu a tsohon tsari. Dole direban Linux mai suna atkbd ya riƙe a ransa ko an danna Shift ɗin a baya, kafin ya yanke wace ma'ana ake nufi. Idan ba a danna ba, to kibod ɗin ne ya mutu ya farfaɗo, abin da ke nuna wuta tana yankewa a wani wuri.

Kanel ma yana aika umarni: FF don kibod ya sake tashi, ED don kunna fitilu, F2 don ya faɗi irinsa. Kibod yana amsawa da FA idan ya karɓa, da FE idan yana son a maimaita. Wannan ya sa fitilar Caps Lock ta zama gwaji mai amfani a lokacin da kwamfuta ta daskare. Kibod ba ya kunna fitilar da kansa, sai saƙo ya je babbar manhaja umarni ya dawo. Idan tana kunnuwa tana mutuwa bisa dannawa, hanyar a buɗe take ta kowane gefe, kuma kanel yana da rai. Idan kuwa fitilun Caps Lock da Scroll Lock suna ƙiftawa da kansu a Linux, kanel ne ya faɗi gaba ɗaya yake sanarwa.

Hanyar USB

USB ya fito a 1996 da wata dabara daban. Kibod ba ya aika komai sai kwamfuta ta tambaya, kuma tana tambaya sau da yawa a kowace daƙiƙa. Amsar da yake bayarwa jerin madannan da ke danne ne a wannan lokacin. A tsari mafi sauƙi rahoton bayit 8 ne: na farko na su Shift da Ctrl da Alt, na biyu an keɓe shi, sauran shidan na sauran madannai. Shi ya sa kibod da yawa ba sa iya sanar da madanni fiye da shida a lokaci ɗaya. Kanel ne yake kwatanta sabon rahoto da na baya ya gane abin da aka danna da abin da aka saki, don haka saki ba ya ɓacewa da sauƙi kamar a tsohuwar hanya.

Matsalolin USB sun fi karkata ga waya da wuta. Kibod da ke ɓacewa yana dawowa yakan bar sahu a kundin saƙonnin kanel, sau da yawa da lambar kuskure 71, wadda ke nufin saƙo ya lalace, ko 110, wadda ke nufin an jira amsa ba ta zo ba. Wata matsalar daga tsimin batir take: kanel yakan sa na'urar da ba a amfani da ita barci, wasu kibod kuwa ba su iya farkawa da kyau ba, sai harafin farko bayan hutu ya salwanta. Hana wannan na'ura barci yana tabbatar da zargin nan take.

Bin sawun saƙo mataki-mataki

Matakin farko ba ya buƙatar ilimin kanel ko kaɗan, kuma shi aka fi tsallakewa. A shiga shafin saitin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, tun babbar manhaja ba ta tashi ba, a gwada madannan da shafin yake amfani da su. Sannan a jona wani kibod ta USB, sannan a tayar da kwamfutar da wata babbar manhaja daga filas. Matsalar da ta bi kibod zuwa ko'ina ta kibod ce. Wadda take ɓacewa idan aka canza manhaja, ita ce ta cancanci a shiga kanel dominta.

A cikin Linux, lamba tana tashi daga direban i8042 zuwa atkbd, ko daga direban usbhid idan ta USB ce, duka su zuba a sashen shigarwa, wanda Vojtech Pavlik ya assasa, Dmitry Torokhov kuma ya daɗe yana kula da shi. A nan ake mayar da ɗanyar lamba zuwa lambar kanel, wadda ba ta damu da hanyar da saƙo ya biyo ba: A shi ne 30 ko ta ina ya zo. Umarnin dmesg yana nuna kundin saƙonnin kanel, inda atkbd yake rubuta cewa an danna madannin da bai sani ba, ko amsa ta zo alhali bai aika umarni ba, ko kibod ya ce madannan da aka danne sun yi yawa. Fayil ɗin da kanel yake lissafa siginonin katsewa a ciki yana amsa tambaya mafi tushe: idan ana danna madannan kibod mai bin tsohuwar hanya amma lissafin layi na 1 bai motsa ba, saƙon bai ma iso ƙofar kanel ba.

Kayan aikin da ya fi kowanne amfani shi ne evtest. Yana nuna kowane abu da ya faru tare da lokacinsa daidai har zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa: ɗanyar lamba, lambar kanel, sai alƙalami 1 idan dannawa ce, 0 idan saki ne, 2 idan maimaici ne. Daga siffar jerin ake karanta ciwon. Idan aka ga 1, 0, 1, 0 a cikin ɗan lokacin da yatsan mutum ba zai iya ba, rawar ƙarfe ce, kuma direbobin atkbd da usbhid ba sa tace ta, sun bar wa kibod wannan aiki. Idan aka ga 1 sannan 2 yana ta zuba har sai an girgiza madannin, a maƙale yake. Idan aka ga 1 shi kaɗai babu 0 a bayansa, an rasa saƙon saki. Idan ɗanyar lamba ta fito babu lambar kanel, madannin lafiya lau yake, suna ne ba a ba shi ba, kuma umarnin setkeycodes ko kundin na'urori na udev yana gyara wannan cikin minti ɗaya.

Wanda yake son ganin kowane bayit da ya ratsa 8042 yakan tayar da kanel da zaɓin i8042.debug. Masu rubuta direban sun yi tunani mai kyau a nan: tun da kundin zai iya ɗaukar kalmar sirrin mai kwamfuta, lambobin madannai a rufe suke fitowa sai an buɗe su da gangan da wani zaɓi na dabam. Duk mai shirin tura irin wannan kundi ga wani ya kamata ya tuna da haka.

Idan evtest ya nuna komai daidai amma harafin da ke fitowa ba shi ake so ba, kanel ya fita daga zargi. Mayar da lamba zuwa harafi aikin shimfiɗar kibod ce, wadda yawanci take sama da kanel. A nan maganar ɓ da ɗ da ƙ take. Babu kibod da ke da wayar ƙ ta musamman, shimfiɗa ce take ɗora ta a kan wani madanni, kuma Linux yana ɗauke da shimfiɗar Hausa ta Najeriya da ta Gana, Windows ma yana da tasa. A wannan mataki ne kuma saitin taimaka wa masu lalura yake ruɗar mutane. A Windows, riƙe Shift na dama na daƙiƙa 8 yana kiran saitin da ke watsi da gajeren danni, danna Shift sau 5 kuma yana kiran wanda ke sa Shift da Ctrl su zauna a danne. Kibod mai lafiya da yawa ya tafi wurin mai gyara saboda waɗannan biyun.

Idan laifin na na'ura ne amma maganin na kanel

Akwai rukunin matsalolin da ba ƙura ba ce, ba kuma kuskuren kanel ba: manhajar da kamfani ya dasa cikin na'urar ce ta saɓa ƙa'ida. Sananne a cikinsu shi ne madannan ƙara sauti da hasken allo a wasu laftof na Dell, HP, Samsung da Fujitsu, waɗanda ke aika lambar dannawa ba sa aika ta saki. Taɓawa ɗaya sai sauti ya haura har ƙarshe, domin manhajar da ke sama tana ɗauka yatsa yana nan a kai. Maganin da aka yi shi ne jerin lambobin da direba zai ƙirƙira musu saki da kansa da zarar sun iso. Kanel yana gane kwamfutar da ke buƙatar wannan ta sunan kamfani da samfurin da BIOS yake ɗauke da su, abin da ake kira bayanan DMI. Direban i8042 yana da dogon tebur na irin waɗannan sunaye, kowanne da abin da za a yi masa: wannan a sake tayar da 8042 ɗinsa bayan barci, wancan kada a gwada raba masa mashigar linzami. Tebur ne marar kyan gani, amma shi ne dalilin da ya sa tsohuwar laftof ta hannu, wadda kamfaninta ya daina sabunta mata BIOS tun tuni, take ci gaba da aiki.

Misalai biyu sun nuna wahalar aikin. A 2022 kibod ɗin laftof da yawa masu ƙwaƙwalwar AMD Ryzen 6000 ya ƙi aiki sam a Linux. Bincike ya nuna cewa siginar katsewa ta 1 a waɗannan injuna tana aiki ne idan wuta ta sauka, saɓanin al'adar zamanin IBM inda take aiki idan wuta ta hau. BIOS ɗinsu yana faɗar gaskiya, amma kanel ya saba watsi da abin da BIOS ya faɗa a kan wannan layi, saboda tsofaffin injuna da yawa ƙarya suke yi. Aka gyara ya riƙa yarda da BIOS a sababbin injunan AMD, sai kibod ɗin wasu laftof da ke aiki a da ya mutu, domin nasu BIOS ɗin yana cikin masu ƙaryar. Dole aka buɗe musu nasu teburin.

Na biyun ya faru a ƙarshen 2023. An lura cewa kibod ɗin wasu sababbin laftof, ciki har da na Lenovo, yana rikicewa idan kanel ya aika umarnin F2 na tambayar iri. Hans de Goede, injiniya a kamfanin Red Hat a lokacin, ya rubuta gyaran da ke tsallake wannan tambaya a laftof. Gyaran ya warkar da su, amma sai wasu samfuran Dell XPS 13 suka fara rasa kibod bayan farkawa daga barci. A farkon 2024 aka gyara wannan. Abin da ke ƙarƙashin duka misalan biyu ɗaya ne: kamfanoni da Windows suke gwada injunansu, don haka duk umarnin da Windows ba ya aikawa, ko da yana cikin ƙa'ida, yana iya zama ba a taɓa gwada shi ba.

A irin wannan hali, inda kibod yana aiki a tsohon kanel ya daina a sabo, hanyar gano musabbabi ita ce rabawa biyu. Kowace fitowar Linux tana ɗauke da canje-canje sama da 10,000. Umarnin git bisect yana zaɓar na tsakiya, a gina kanel a gwada, a ce ya yi ko bai yi ba, ya sake raba rabin da ya rage. Gwaji kimanin 14 ya isa a kai ga canji ɗaya tilo. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya kafa doka cewa canjin da ya ɓata abin da ke aiki a da sai an gyara shi ko an janye shi, don haka rahoton da ya nuna canjin da sunansa yakan sami kulawa da sauri. Abin da masu kula da direba suke nema a rahoto shi ne sunan kamfani da samfuri kamar yadda umarnin dmidecode ya nuna su, kundin dmesg tun daga tashin kwamfuta, abin da evtest ya rubuta lokacin da matsalar ta faru, da zaɓin i8042 da aka gwada ya yi magani, irin su i8042.reset ko i8042.nomux. Da waɗannan ake rubuta sabon layi a tebur, kuma daga fitowa ta gaba duk mai irin wannan kwamfuta zai sami gyaran ba tare da ya saita komai ba.